Ƙararrawar Mirfield da Ƙurar Sophiatown: Rayuwar Masu Zaman Zuhudu na Cocin Angilikan

Marigayi Akbishop Desmond Tutu ya sha ba da wani labari na ƙuruciyarsa. Yana tsaye tare da mahaifiyarsa, wadda a lokacin take dafa abinci a wata cibiyar makafi kusa da Johannesburg, sai ga wani dogon Bature sanye da baƙar riga har idon sawu ya zo wucewa. Da ya iso gab da su, sai ya ɗaga hularsa ya gaida matar, ya yi gaba. Iyakar abin da ya faru ke nan. Amma a Afirka ta Kudu ta wancan zamani, inda Bature ke kiran dattijo mai furfura "yaro", farar fata ya cire wa baƙar mace 'yar aiki hula abu ne da yaron bai taɓa tsammanin idonsa zai gani ba. Har ya tsufa bai daina maimaita labarin ba, kuma ɗansa na fari sunan wannan Baturen ya ci.

Sunan mutumin Trevor Huddleston. Duniya ta san shi a matsayin ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata, har wasu na mantawa cewa shi ba ɗan siyasa ba ne. Mai zaman zuhudu ne, ɗan wata ƙungiya ta cocin Angilikan mai suna Community of the Resurrection, wato Jama'ar Tashin Almasihu daga Matattu, wadda babban gidanta ke Mirfield a arewacin Ingila. Ba shi da mata, ba shi da 'ya'ya, ko rigar da ke jikinsa ba mallakinsa ba ce. Wanda ke son gane abin da ya kai shi unguwar talakawa ta Sophiatown a Johannesburg, da abin da ya zaunar da shi a cikinta shekara goma sha biyu, da kuma abin da ya tumɓuke shi daga cikinta a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, sai ya fara gane yadda gidan Mirfield ke tafiya. Tushen dukkan ukun ɗaya ne.

Mai karatu a ƙasar Hausa, ko da shi kansa ɗan Angilikan ne, zai iya cewa: "Yo dama Angilikan na da fada marar aure da sista?" Tambayar ba ta rashin sani ba ce. Angilikancin da ya iso Najeriya ta hannun 'yan mishan na CMS ya shigo, su ne suka yi Bishop Ajayi Crowther, su ne kuma suka kafa Wusasa a Zariya ta hannun su Dakta Walter Miller. Su kuwa 'yan ɓangaren cocin ne da ke jaddada wa'azi da karatun Littafi Mai Tsarki, limamansu na aure, ba ruwansu da turare da zaman zuhudu. Kudancin Afirka kuma ɗaya ɓangaren ne ya fi rinjaye a can, wanda ibadarsa ta fi kama da ta Katolika. Coci ɗaya ne, amma kowane yanki da irin tsiron da aka dasa masa.

A Ingilar ma kanta zaman zuhudu sai da ya mutu murus kafin ya farfaɗo. Tsakanin 1536 da 1540 Sarki Henry na Takwas, bayan ya raba gari da Paparoma, ya rufe gidajen zuhudu wajen 800, ya kwashe filayensu da dukiyarsu. Daga nan aka yi kusan shekara 300 babu irin wannan rayuwa a cocin Ingila, in ban da ɗan gwajin da wani mai suna Nicholas Ferrar ya yi da danginsa a ƙauyen Little Gidding daga 1626. Sai a 1833 wasu malaman jami'ar Oxford, su John Keble da Edward Pusey da John Henry Newman, suka tayar da wata farfaɗowa mai cewa cocin Ingila ya yar da gado mai yawa da bai kamata ya yar ba.

Mata ne suka fara amsa kiran. Marian Hughes ta ɗauki wa'adin zuhudu a gaban Pusey a 1841, aka buɗe gidan sistoci na farko a Landan a 1845, sannan Priscilla Lydia Sellon ta kafa nata a Devonport a 1848. Jama'a ba su yi maraba da su ba ko kaɗan. Ana yi musu kallon Katolika a ɓoye masu raba 'yan mata da iyayensu don su ci gadonsu. A 1857, wajen jana'izar wata sista a garin Lewes, taron jama'a ya far wa sistocin da limamin da ya kafa ƙungiyarsu, John Mason Neale. Abin da ya sassauto da zukata ba muhawara ba ce, annoba ce. Da kwalara ta ɓarke a Plymouth a 1849, da kuma gabashin Landan a 1866, waɗannan matan da ake zagi su ne aka gani suna shiga ɗakunan da kowa ke gudu, suna jinya, suna wanke gawa. Tun daga farko ke nan zuhudun Angilikan ya sami gindin zama ne ta hanyar hidimar unguwa. Ba kamar tsoffin gidajen zuhudu masu gonaki da garu a bayan gari ba, waɗannan a tsakiyar lungu suka tsiro.

Maza sun biyo baya a makare. Ƙungiyarsu ta farko da ta ɗore ita ce wadda Richard Benson ya kafa a Cowley a 1866. Ta Mirfield kuwa ta zo ne ranar 25 ga Yuli, 1892, lokacin da limamai shida suka ɗauki alkawari a Oxford ƙarƙashin jagorancin Charles Gore. Gore ɗan manyan gida ne kuma masani, amma abin da ke ci masa rai shi ne halin da ma'aikatan masana'antu ke ciki. Yana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiyar Kiristoci mai fafutukar adalci ga talakawa a 1889. Ƙa'idar da suka rubuta wa kansu ta jingina da ayoyi biyu na Ayyukan Manzanni: aya ta 42 a sura ta 2, inda aka ce masu bi na farko sun nace ga koyarwar manzanni da zumunta da gutsuttsura gurasa da addu'a, da aya ta 32 a sura ta 4, inda aka ce ba wanda ke kiran abin hannunsa nasa, komai nasu na kowa ne.

A 1898 suka bar yankin Oxford mai ciyayi da littattafai suka koma Mirfield, tsakanin Huddersfield da Dewsbury, ƙasar masaƙun ulu da hayaƙin gawayi. Gidan wani attajiri mai masaƙa suka samu suka zauna a ciki. Da gangan suka zaɓi wurin. Ba da jimawa ba suka buɗe kwalejin horar da limamai domin samarin da iyayensu ba su da kuɗin Oxford ko Cambridge, a zamanin da limanci a cocin Ingila kusan gadon 'ya'yan masu hali ne. Sun riƙa buga ƙananan littattafan addini ana sayarwa kwabo-kwabo, suna yawo coci-coci suna wa'azin mako guda ko biyu a garuruwan ma'aikata. Akwai wani tsohon ramin fasa dutse a cikin harabarsu da suka mayar dandalin taro, inda har shugaban 'yan ƙwadago Keir Hardie ya taɓa yin jawabi. Masu kuɗin gari na ce musu 'yan gurguzu, masu tsattsauran Furotesta na ce musu 'yan Paparoma. Shi Gore bai daɗe tare da su ba, don an naɗa shi bishop a 1902, sai Walter Frere ya karɓi ragama. Frere ne, gwanin tarihin ibada da tsoffin waƙoƙin coci, ya ba gidan salon addu'ar da yake kai har yau.

To yaya yini yake a irin wannan gida?

Ƙararrawa ce ke mulki. Ita ke tayar da mutum, ita ke katse masa aiki, ita ke sallamarsa ya kwanta. 'Yan'uwan, don haka suke kiran junansu, suna haɗuwa a majami'a sau huɗu: da sassafe, da tsakar rana, da yamma, da kuma kafin barci, ban da Jibin Ubangiji da ake yi kullum. Wanda ya tashi a garin da kiran salla ke yanka yini gida biyar ba ya bukatar dogon bayani kan abin da wannan ke yi wa mutum: ba kai ke tsara lokacinka ka nema wa ibada gurbi ba, ibadar ce ke tsaye, sauran harkoki su raɓa ta. Ƙashin bayan addu'ar tasu Zabura ce. Sukan kasu sahu biyu suna fuskantar juna, wannan sahu ya rera aya, wancan ya amsa da ta gaba, da wata tsohuwar murya marar kiɗa, a hankali, har da ɗan tsayawa a tsakiyar kowace aya. Asalin tsarin daga ƙa'idar Benedict ne, wani mai zaman zuhudu na Italiya, ta ƙarni na 6, wadda ta sa a sauke Zabura 150 duk mako, tana kafa hujja da ayar da ke cewa "sau bakwai a rana nake yabonka". Thomas Cranmer, da ya tsara littafin addu'ar Angilikan a 1549, ya dunƙule waɗannan lokuta zuwa biyu, safe da yamma, domin manomi da ɗan kasuwa su iya. Masu zuhudun ƙarni na 19 sai suka sake warware abin da ya dunƙule.

Bayan addu'ar dare sai shiru. Ba hira, ba sallama, har gari ya waye a idar da ta safe. Wasu lokutan cin abinci ma shiru ake yi, ko wani ya riƙa karanta littafi sauran na ci. Tsakanin ƙararrawa da ƙararrawa kowa na da aikinsa: mai koyarwa a kwaleji, mai kula da baƙi, mai shara da wanke-wanke, mai jinyar tsofaffin gidan, mai sauraron wanda ya zo da damuwa. Farfesa da wanda bai yi zurfin karatu ba layi ɗaya suke bi wajen wanke kwanuka.

Wani baƙo da wannan tsari ya kama wa zuciya shi ne Dietrich Bonhoeffer, malamin tauhidin Jamus da 'yan Nazi suka rataye a 1945. Ya ziyarci Mirfield a 1935, ya ga yadda ake bin Zabura ta 119, mai aya 176, kashi-kashi kowace rana, ya koma gida ya shigar da irin wannan zaman tare da addu'a cikin makarantar limaman da ya buɗe a Finkenwalde. Na kawo shi ne don a lura: mutane biyu da suka fi shahara da tsayawa gaban azzalumar gwamnati, ɗaya a Jamus ɗaya a Afirka ta Kudu, duk sun zauna a kujerun majami'a guda suna jan Zabura a hankali.

Shiga ƙungiyar ba a yi wa gaggawa. Mutum zai fara zuwa baƙunta, ya dawo, ya sake dawowa. In an ga da gaske yake, sai ya zauna wasu watanni na gwaji, sannan a ba shi riga ya zama ɗan koyo na wasu shekaru, sannan wa'adi na ɗan lokaci, can daga baya wa'adin rai da rai, shi ma sai sauran 'yan'uwa sun kaɗa ƙuri'ar amincewa. A kowane mataki ƙofa a buɗe take, kuma masu fita sun fi masu zama yawa. Shugaban gidan ma zaɓensa ake yi, yana da wa'adi, kuma manyan shawarwari a zauren 'yan'uwa ake yanke su.

Abin da ake ɗaukar alkawari a kansa uku ne a taƙaice: ba aure, ba mallaka, sai biyayya. Na san inda Bahaushe zai tsaya. A wurinmu namiji baligi lafiyayye da ya ƙi aure, tuzuru ne, abin zolaya, kuma Musulunci bai yarda da ruhubananci ba. Furotesta da yawa ma ba su yarda da shi ba. Ba ina neman shawo kan kowa ba ne. Amma a dubi abin ta fuskar aiki kawai. Azzalumar hukuma da me take tanƙwara mutum? Da albashinsa, da gidansa, da makarantar 'ya'yansa, da hawayen matarsa. Wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, igiyar da za a ja shi da ita ta yi ƙaranci. Haka kuma limami mai iyali, komai son sa da talakawa, dole wata rana ya yi tunanin ko 'ya'yansa za su iya girma a unguwar da ba ruwan famfo. Mai zuhudu ba ya wannan lissafi. Saura igiya ɗaya tak a wuyansa, wato biyayya, kuma za mu ga inda ta ja shi.

'Yan Mirfield sun isa Johannesburg a 1903, bayan yaƙin Turawan Ingila da Buwa, wato Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan, suka fara aiki cikin ma'aikatan haƙar zinariya da ke cunkushe a barikokin kamfanoni. A Rosettenville suka kafa kwalejin horar da limamai baƙaƙen fata da makarantar sakandare ta St Peter's. Oliver Tambo, wanda daga baya ya shugabanci jam'iyyar ANC shekaru da dama a gudun hijira, a nan ya yi karatu, a nan kuma ya dawo ya koyar da lissafi da kimiyya.

Sophiatown kuwa unguwa ce ta daban. Wani ɗan kasuwa, Herman Tobiansky, ya yanka filayen domin Turawa, ya raɗa wa wurin sunan matarsa Sophia. Da hukuma ta kafa matattarar bahaya a kusa, Turawa suka ƙi saye, sai aka sayar wa duk mai kuɗi. Ta haka ta zama ɗaya daga cikin 'yan wuraren da baƙar fata ke iya mallakar fili da takarda a birnin. Ta cika ta batse: malamai da 'yan jarida da makaɗa, 'yan daba da masu sayar da giyar gida, Indiyawa da 'yan Sin da ruwa-biyu, gidan bulo a gaba, ɗakunan kwano rututu a bayansa, famfo ɗaya ga iyalai da yawa. Wata Baturiya, Dorothy Maud, ta riga ta buɗe gidan hidimar yara a wurin mai suna Ekutuleni. A 1934 ƙungiyar ta tura Raymond Raynes, wanda ya gina majami'ar Almasihu Sarki a kan tudu, ya buɗe makarantu, ya yi ta fama da hukumar birni kan fitila da ruwa da hanya. Da aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar baki ɗaya a 1943, sai ya turo wani matashi ɗan shekara 30 ya gaje shi. Shi ne Huddleston.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, a cikin unguwar suke kwana. Yawancin Turawan da ke tausayin baƙar fata a lokacin da rana suke zuwa, magariba ta yi musu a unguwanninsu masu bishiyoyi. Su waɗannan ƙurar da ke shiga idon kowa ita ke shiga nasu, ihun samamen 'yan sanda da tsakar dare a kunnensu yake. Ƙararrawar nan ta Mirfield ita ce dai ke bugawa a Sophiatown, Zaburar ita ce, sai dai da an fito daga addu'ar safe akwai layin mutane a ƙofa: wadda aka kama mijinta saboda takardar izinin zama a birni, wanda aka kora daga aiki, uwar da ba ta da kuɗin makaranta. Babban ɓangare na "hidimar" ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Zuwa ofishin 'yan sanda ne, da tsayawa a kotu, da rubuta wasiƙa, da binne mamaci.

Daga irin wannan yau da gobe manyan abubuwan suka fito. Ganin yaran Turawa na samun abinci a makaranta na baƙaƙe na zama da yunwa ya sa Huddleston ya kafa shirin ciyar da yara a 1945. Ya yi bara wurin masu hali har aka gina wurin ninƙaya a Orlando. Wani ɗalibin St Peter's mai rawar kai ya ce in aka ba shi ƙahon busa na Turawa zai natsu. Fada ya samo masa a 1954, yaron kuwa shi ne Hugh Masekela, wanda daga baya ya zama shahararren makaɗi. Shi kuma Tutu, da tarin fuka ya kwantar da shi a asibiti kusan wata 20 yana ɗan shekara goma sha huɗu ko kusa da haka, Huddleston ya riƙa zuwa duba shi a kai a kai yana kawo masa littattafai. Babu wanda ya san yaron zai zama wani abu. Ɗan malamin makaranta ne kawai da ake ganin da wuya ya tashi. Mutanen unguwa suka laƙaba wa Fada suna Makhalipile, ma'ana marar tsoro.

Da jam'iyyar 'yan wariya ta ci zaɓe a 1948, sai ƙasa ta fara tsukewa. Dokar ilimin Bantu, wato baƙar fata, ta 1953, wadda ministan harkokin baƙar fata Hendrik Verwoerd ya tsaya mata, ta ƙwace makarantun mishan domin a koya wa baƙar fata abin da zai ishe shi bauta kawai. Ƙungiyar ta gwammace ta rufe St Peter's da ta miƙa ta, aka kuwa rufe a 1956. Wannan shawara ta raba kan mutanen coci: wasu na ganin ko gurguwar makaranta ta fi titi. Har yau ana iya jayayya a kai, kuma ni ban ga amsar mai sauƙi ba ce, tunda yaran da aka sallama ba su ne suka yanke hukuncin ba.

Sai aka juyo kan unguwar kanta. Ta yi kusa da gidajen Turawa, kuma mallakar fili da baƙar fata ke yi a cikinta ƙaya ce a maƙogwaron gwamnati. An sanar da ranar tashi, amma don a shammaci masu shirin turjiya sai aka zo kwana uku kafin ta. Da asubahin 9 ga Fabrairu, 1955, 'yan sanda kimanin 2,000 ɗauke da bindigogi suka mamaye Sophiatown, aka loda iyalai fiye da 100 a manyan motoci zuwa Meadowlands da ke Soweto. Huddleston na tsaye a titi cikin rigarsa tare da 'yan jaridar da ya kira su shaida. Bai hana komai ba. Cikin 'yan shekaru aka kwashe mutum wajen 60,000, katafila ta baje gidajen, aka gina wa Turawa sabuwar unguwa, aka sa mata suna Triomf, wato Nasara. A watan Yunin wannan shekara, a babban taron Kliptown, ANC ta ba shi lambar girmamawarta mafi girma, Isitwalandwe, tare da Albert Luthuli da Yusuf Dadoo.

Ana cikin haka, kafin shekarar ta ƙare, sai umarni ya zo daga Mirfield: ya tattara ya dawo gida ya kula da 'yan koyo. Wanda ya ba da umarnin kuwa Raynes ne, mutumin da ya gina majami'ar Sophiatown da kansa, wanda ya san kowane lungu nata. An daɗe ana taƙaddama kan dalili. Akwai fargabar za a kama shi, tunda ya riga ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar, Ingila ba za ta iya kare shi ba. Akwai kuma manyan coci a can, har da Akbishop Geoffrey Clayton na Cape Town, da ba su ji daɗin salonsa na kai ƙarar ƙasar gaban duniya ba. Akwai ma damuwar da kowane shugaban gidan zuhudu ke yi idan sunan ɗan'uwa ɗaya ya fara rufe na gidan. Abokansa sun roƙa a bar shi. Shi kansa abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai kuma ɓoye ba. Amma ya tafi, a farkon 1956.

Nan ne mutane da yawa ke kasa haɗiyewa. Mutumin da ya ƙi jin maganar Verwoerd da 'yan sandansa, ya ji maganar wani shugaban gidan zuhudu a Mirfield? A ganina ba saɓani a ciki. Ba Huddleston ne ya zaɓi Sophiatown ba tun farko. Tura shi aka yi, yana matashin da bai san komai game da Afirka ba, ya tafi saboda ya yi alkawarin zuwa inda aka aike shi. Alkawarin da ya kai shi, shi ya dawo da shi. In da ya ce zai bi umarni ne kawai ranar da ya yi masa daɗi, to tun asali ba wa'adi ya ɗauka ba. Wannan bai sa hukuncin Raynes ya zama daidai ba, kuma mutanen da aka bari a tsakiyar rusau suna da haƙƙin jin an yashe su: shi yana da Mirfield da zai koma, su Meadowlands aka kai su. Abin da tarihi ya nuna dai shi ne, a watan Disambar 1956 gwamnati ta kama mutum 156 bisa tuhumar cin amanar ƙasa, cikinsu har da Luthuli da Tambo da Nelson Mandela, yayin da littafin da Huddleston ya fitar a wannan shekara kan Sophiatown ke buɗe idon Turawan Ingila, shi kuma ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan fafutukar ƙaurace wa kayan Afirka ta Kudu, har ya shugabanci ƙungiyar yaƙi da wariya ta Birtaniya daga 1981.

Kada kuma hasken mutum ɗaya ya rufe sauran. Ba duk 'yan'uwan ne suka yarda da shiga siyasarsa ba, kuma an daɗe ragamar aikin na hannun Turawa, da irin halin nan na uban gida mai kirki wanda ya san abin da ya dace da kai fiye da kai. Amma aikin bai tsaya da tafiyarsa ba, wanda shi ne amfanin ƙungiya a kan gwarzo guda. Kwalejin Rosettenville ce ta horar da Tutu har aka naɗa shi malamin coci a 1960. Aelred Stubbs, wani ɗan ƙungiyar, ya zama aminin ɗan gwagwarmayar baƙar fata Steve Biko, shi ya tattara rubuce-rubucensa bayan an kashe shi a 1977. Simeon Nkoane, baƙar fata ɗan ƙungiyar da ya zama bishop, shi da Tutu ne suka kutsa cikin fusataccen taro a Duduza a 1985 suka ƙwaci wani da ake zargi da leƙen asiri, ana shirin cinna masa wuta.

Yau gidan Mirfield ya ragu sosai, kamar kusan dukkan gidajen zuhudun Angilikan a Ingila. 'Yan'uwan kaɗan ne, yawancinsu dattawa. Masaƙun da suka jawo su garin sun rufe. Maƙwabtan ma sun sauya: a Dewsbury, tafiyar 'yan mintuna, akwai babbar al'ummar Musulmi 'yan asalin Indiya da Pakistan, da masallacin Markaz, cibiyar 'yan Tablig ta nahiyar Turai. Hidimar ta juya fuska. Da su ke fita neman mutane, yanzu mutane ke zuwa: limaman da suka gaji, masu neman kwana biyu na shiru, ɗaliban kwalejin da har yanzu ke aiki, inda Rowan Williams ya koyar kafin ya zama Akbishop na Canterbury. Suna da zumunci na shekaru da wani gidan zuhudun Katolika a Trier ta Jamus, suna kuma tallafa wa marayu a Zimbabwe, ƙasar da suka daɗe suna riƙe da makaranta a Penhalonga. Cibiyoyin ci gaban zuhudun Angilikan sun koma wasu wurare, irin su Tanzaniya da tsibiran Solomon, inda ƙungiyar 'yan'uwan Melanesiya, da Ini Kopuria ya kafa a 1925, ta rasa mutum bakwai a 2003 wajen sasanta rikicin ƙabilanci.

Huddleston ya yi bishop a Masasi ta Tanzaniya, da Stepney a gabashin Landan, da tsibirin Mauritius. Ya ga an saki Mandela, ya ga zaɓen 1994. Ya gwada komawa Afirka ta Kudu da zama a tsufansa, abin bai yiwu ba, ya dawo Mirfield, inda ya rasu ranar 20 ga Afrilu, 1998. Majami'ar Almasihu Sarki na cikin 'yan gine-ginen da katafila ta bari a tsaye. Ta yi ta sauya hannu shekara da shekaru kafin Angilikan su sake mallakarta a 1997. A harabarta aka binne tokar gawarsa. Unguwar kuwa sai a 2006 aka cire mata sunan Triomf aka mayar mata da Sophiatown.